Amsa ga mai tambaya kan ziyarar gidan sake a Japan

Ɗan'uwa, ka ce abokan aikinka a birnin Kobe sun gayyace ka wani ƙaramin gidan da ake haɗa sake, wato giyar shinkafa ta Japan, kai kuma ba ka shan giya, shi ne kake tambaya ko akwai abin da za ka ƙaru da shi. Ni ma ba na sha, amma zamana a yankin Kansai, inda Kobe take, ya sa na sha raka baƙi irin waɗannan wurare, kuma ina ganin akwai abin koyo, muddin ka sanar da su matsayinka tun kafin ranar. Kada wani ya ruɗe ka, sake giya ce mai bugarwa, ƙarfinta yakan kai kashi 15 zuwa 16 cikin 100.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda masu ɗanɗanon ke ɗaukar lamarin da muhimmanci. Farin kofi ake ba su mai zane shuɗi zagaye biyu a gindinsa, domin su duba tsarkin ruwan da launinsa kafin su shinshina. Za ka ji suna ta ambaton ginjo da daiginjo, wasu nau'o'in sake, kuma maganar surfe ce: a ginjo ana surfe ƙwayar shinkafar har sai kashi 60 cikin 100 ko ƙasa da haka ya rage, a daiginjo kuwa rabi ko ƙasa. Ƙamshin daiginjo tun daga nesa yakan yi kama da na tuffa ko ayaba, alhali shinkafa ce kawai aka tsima da ruwa da yis da koji, wata fumfuna da ake rainonta a kan turararriyar shinkafa cikin ɗaki mai ɗumi.

Ruwa kuwa shi ne abin alfaharin kowane gari. Nada, wata gunduma nan kusa da kai, ta yi suna ne da ruwan miyamizu mai yawan ma'adinai, yayin da na Fushimi a Kyoto ya fi laushi, kuma da wannan suke bayyana bambancin sakensu. Gidaje da yawa sukan ba baƙo ruwan da suke aiki da shi ya sha, to ka roƙa.

Inda nake so ka yi hattara shi ne amazake, wani farin abin sha mai zaƙi da kauri kamar kunun shinkafa. Iri biyu ne: wanda aka yi da shinkafa da koji zalla ba a tsima shi ya zama giya, amma wanda aka dama da tsakin sake yana ɗauke da ragowar barasa, saboda haka ka tambaya kafin ka karɓa.

Lokacin hunturu ake aikin, ka tafi da rigar sanyi. Kada ka ci natto, wato tsimammen waken soya, da safiyar ranar, domin ƙwayoyin bakteriya da ke cikinsa suna ɓata musu koji, kuma ka haƙura da fesa turare mai ƙarfi.