Manaja ya yi miki alƙawari da baki, yanzu ya ce bai tuna ba

'Yar'uwa na karanta saƙonki. Kin ce kina gyaran ɗakuna a otal, an ce in kin gama watannin gwaji za a ƙara miki albashi, gwaji ya wuce shiru kake ji, abokan aiki sai ajiyewa suke ana loda miki ɗakunansu har bacci ya fara gagarar ki.

Toh alƙawarin baki ma yarjejeniya ne a dokokin ƙasashe da yawa, inda gizo ke saƙar shi ne hujja, don gaban alƙali manaja cewa zai yi shi "za mu duba" kawai ya ce, kuma "za mu duba" ba alƙawari ba ne. Fara buɗe takardar ɗaukar aikinki, wasu otal ɗin suna cusa wani layi can ƙasa cewa duk abin da ba a rubuta ba babu shi, in akwai wannan gaskiya maganar ƙarin ta yi rauni. In babu, ki tura masa saƙo a WhatsApp cikin ladabi, ranka ya daɗe ina tuni kan ƙarin da ka ce ranar kaza. Ko "ki ƙara haƙuri" ya rubuto, kin ga ya yarda an yi maganar ke nan. Ki ɗauki hoton saƙon ki adana.

Ni a ganina ma batun awannin da kike ƙarawa ya fi ƙarfi, saboda shi a rubuce yake, ga jadawalin duti ga rajistar shiga da fita, ki riƙa ɗaukar hotonsu kowane mako. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da yarjejeniya mai lamba 172 ta 1991 musamman kan ma'aikatan otal da gidajen abinci, ta yi maganar awanni masu ma'ana da hutu da obataim, amma fa sai ƙasar da ta amince da ita take ɗaurewa, dokar ƙasarki ce za ta yi aiki a kanki.

Don Allah kar zuciya ta ɗebe ki ki daina zuwa kawai, sai su ce ke kika gudu ba notis su riƙe kuɗinki. Rubuta ƙorafi ga masu kula da ma'aikata, in sun share ki sai ƙungiyar ma'aikata ko ofishin ƙwadago, kotu daga ƙarshe, kuma irin wannan ƙara tana da wa'adi, kar ki yi sanya. Ki ga likita ya rubuta miki rashin baccin nan. Sannan waɗanda suka tafi ɗin, karɓi lambobinsu tun yanzu, wanda ya riga ya bar otal ba ya tsoron manaja in aka kira shi shaida.