Gonar haya: in zuba mata taki ko in bari?

Tambaya daga wani manomi a yankin Bichi: "Gonar haya nake nomawa. Bara na yi ta kai mata takin shanu a amalanke, hatsi ya yi kyau. Bana sai mai gona ya ce zai noma abarsa. Shin in sake kashe kuɗi a gonar da ba tawa ba?"

Malam, abin da ya same ka ya sami manoma da yawa, shi ya sa gonakin haya da na aro suke saurin mutuwa. Takin gargajiya ba ya gama aiki a damina ɗaya, ƙarfinsa yakan kai shekara 2 zuwa 3. Kai ka sha wahala, shi zai ci moriya, kuma wannan ba adalci ba ne.

Kafin ka sake zuba ko kwando ɗaya, ku yi yarjejeniyar aƙalla shekara 3, a rubuce, a gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu. A sa kuɗin haya, da lokacin ƙarewa, da abin da zai biya ka in ya karɓe gonar kafin wa'adi. Kunya ce take hana mu rubutu, musamman in mai gonar ɗan'uwa ne, alhali rubutun ne yake tsare zumunci. A Nijar, dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin filaye da ake kira COFO, waɗanda suke ba da takardar haya, aro da jingina.

In ya ƙi, tsaya kan abin da zai biya ka a daminar nan: surka gero da wake ko gyaɗa, sa takin zamani ɗan kaɗan a gindin kowace shuka, kada ka ƙone kara.

Dashen itace kuwa sai da izininsa, domin masu gona da yawa suna ɗaukarsa a matsayin neman mallaka. Dubi Maraɗi: tun shekarun 1980 manoma suka fara barin tohon gawo da kalgo lokacin sassabe, amma abin bai bazu sosai ba sai da suka tabbata itacen nasu ne, ba na ma'aikatan gandun daji ba. Haka ramukan tassa (ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki, su tare ruwan sama) a yankin Tawa, har fako mutane suka riƙa saye suna rayawa saboda sun san ba mai ƙwacewa. Irin wannan aikin, ajiye shi sai gonarka ta gado ko ta saye.