Ina kifin kirafi ke shigewa idan zafi ya kama a Tekzas?

Tambaya: Ina zaune kusa da Dalas, a jihar Tekzas ta Amurka. A watan Afrilu na riƙa kama kirafi, wanda ake rubutawa crappie, daga bakin tafki cikin sauƙi. Yanzu Yuli, ko taɓa koto ba sa yi. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, kifin na nan, wurin zama ya sauya. Abin da ka tarar a Afrilu lokacin saka ƙwai ne: idan ɗumin ruwa ya kai digiri 16 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas, sukan matso gaɓa, zurfin ƙafa biyu zuwa shida. Da sun gama sai su koma ciki, su taru a jikin itatuwan da ruwa ya shanye ko ginshiƙan gada, galibi ƙafa 12 zuwa 25. Kada ka ce bari ka kai har ƙasa. Da zafi ruwan tafki kan rabu, na can ƙasa ba shi da isasshen oksijin, kifi ba ya zama cikinsa.

Ka sa zare siriri mai ɗaukar fam 4 zuwa 6, da ƙugiya lamba 2 ta siririyar waya, wadda in ta maƙale a reshe za ta miƙe ta fito. Koto kuwa ɗan kifi mai rai, inci biyu. Kirafi sama yake kallo in zai ci, saboda haka koton ya tsaya ƙafa ɗaya bisa kansu. Wanda ya wuce ƙasansu ba za su kula shi ba. Fara daga ƙafa 10, kana ƙara biyu-biyu har a taɓa, sai ka yi wa zaren alama. In ya kama kada ka fizga, ɗaga sandar kawai. Fatar bakinsa ba ta da ƙwari, fizga ɗaya ta yage.

Wani kifin da ake kira bas (bass) dai ya fi sauƙi ga mai tsayuwa a gaɓa: da asuba yana farauta gefen ciyayi, zare fam 12 da tanar roba sun isa.

Ka tanadi lasisi. Dokar jihar ita ce kirafi 25 a rana, kowanne aƙalla inci 10. Amma a tafkin Fork da ke jihar, daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, an hana sakin wanda ka kama komai ƙanƙantarsa, domin kifin da aka jawo daga zurfi cikinsa kan kumbura, ko an mayar da shi da wuya ya rayu.