Amsa ga Hajiyar da 'yarta ta samu gurbi a Jami'ar Jos

Hajiya, Allah ya sanya albarka a karatun. Kin tambayi abin da ke jefa ɗalibai cikin harkar banza, don hankalinki bai kwanta ba. Na daɗe ina riƙe da kemis a Unguwar Rogo, kuma rabin masu sayayya a wurina ɗalibai ne.

Abin da na fi gani yunwa ce, ba rashin tarbiyya ba. Yarinya ta rasa gado a masaukin ɗalibai na Naraguta, ta kama ɗaki a waje, ga haya, ga kuɗin Keke Napep kullum. Kafin tsakiyar wata ko garin kwaki babu. Sai ƙawa ta ce akwai wani Alhaji mai taimako. Wanda ya biya mata haya kuwa, da wane baki za ta ce masa ya sa kwaroron roba?

Akwai wata da ba na mantawa. Bayan magariba ta shigo, mayafi ya rufe rabin fuskarta, ta miƙo min 'yar takarda an rubuta Postinor, hannunta na rawa. Zuwanta na uku ke nan a wata ɗaya. Na ja ta ciki na ce, "Ƙanwata, wannan ciki kawai yake hanawa, ba ya tare ƙanjamau, ba ya tare ciwon hanta ko na sanyi." Wallahi ba ta sani ba. Ba ta kuma taɓa jin labarin PEP ba, maganin kariya daga ƙanjamau da ake farawa cikin awa 72 bayan abin ya faru, a sha kwana 28.

Samarin kuma tiramol ne da kodin, duk da an haramta maganin tari mai kodin tun 2018. In ya hau kai, ba sa tuna wata kariya.

Ki daidaita maganar masauki kafin ta tafi. Ki sa ranar turo kuɗi, ko kaɗan ne kada ta saɓa, 'yarki kuma ta nemi bashin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai bai wa ɗalibai bashin karatu. A yi mata gwajin ciwon hanta nau'in B da rigakafinsa, allura uku ce. Sannan ki zaunar da ita, ki cire kunya, ki ce duk abin da ya faru ke za ta fara kira, ba za ki tsine mata ba. Waccan yarinyar mai Postinor, da na ce mata ta gaya wa mahaifiyarta, kuka ta fashe da shi, ta ce gara ta mutu.