Amsa ga Hajiyar da ƙashin ƙwaurin ɗanta ya gutsure

Salamu alaikum Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Na karanta tambayarki tun jiya: pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, ta buge shi a kan babur, ƙashin ƙwaurinsa ya farfashe har likitoci suka cire kusan santimita 7, yanzu sun ce ko a sa siminti ko a ɗaura zobban ƙarfe, dangi kuma na matsa miki ki sa hannu a fito da shi a kai wa maɗori. Ni makanike ne a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ba likita ba, amma santimita 8 na rasa a ƙafar hagu, wata 11 na yi da zobba, yau da ƙafar nake taka kuloci.

Don Allah kada ki fito da shi. Ba raina maɗora nake ba, amma aikinsu haɗa baki biyu ne na ƙashin da ya karye. Ɗanki kuwa ƙashin ne babu a tsakani, me za a ɗora? Ni an yi mini wannan gurguwar shawarar. Mako uku na yi a wani ƙauye ana shafa mini magani a kan buɗaɗɗen rauni, na koma asibiti ƙafa tana wari, kuma yawancin ƙashin da na rasa ruɓa ce ta cinye shi, ba hatsarin ba.

Shi ya sa idan suna ta mai da shi tiyata suna wankewa suna kankare mataccen nama da ƙashi, kada ranki ya ɓaci. Duk dabarar da za a yi, in an yi ta a kan mugunya, aikin banza ne. Haka kuma sai an rufe ƙashin da tsoka mai rai, don gaban ƙwauri fata ce kawai a kansa. Sau da yawa daga tsokar ɗambubu suke juyo wani ɓangare su rufe. Asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, wanda muke ce wa Gee, yana da likitocin ƙashi da na gyaran fata da tsoka, haka ma Korle Bu a Accra. Ki tambaya ko ɓangarorin biyu sun duba shi.

Ƙaramin gurbi, kamar santimita 2 ko 3, ɗebo ƙashi ake yi daga ƙugu a cike. In ya yi tsawo irin na ɗanki, wanda aka zuba haka kawai narkewa yake yi, jiki ya shanye shi. Nan ne maganar siminti ta shigo. Wani likitan Faransa, Alain Masquelet, shi ya fara ta a 1986. Simintin ƙashi ne na asibiti, galibi a gauraye da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ana toshe gurbin da shi. Ba zama zai yi ba. Jiki ne zai saƙa masa wani tantani mai jijiyoyin jini ya lulluɓe shi, bayan mako 6 zuwa 8 sai a tsaga tantanin a hankali, a cire simintin, a cika jakar da ƙashin ƙugu, a ɗinke. Tiyata biyu ke nan. Wani da muka kwanta ɗaki ɗaya haka aka yi masa, ya ce ƙugun ya fi damunsa da ciwo a makonnin farko fiye da ƙafar.

Zobban kuwa su na fi sani, don da su na kwana na tashi. Gavriil Ilizarov ne ya ƙirƙiro su a garin Kurgan na Rasha wajen shekarun 1950. Ana soka siraran wayoyi su ratsa ƙashi, a ɗaure su tamau jikin zobban da ke kewaye da ƙafa. Sai likita ya yanka lafiyayyen ƙashin can sama kusa da gwiwa, a jira kamar mako guda, sannan a fara jan wannan guntun zuwa ƙasa, milimita 1 kacal a rana. A bayansa sabon ƙashi yana tsirowa yana cike inda ya baro. Ranar da aka nuna mini hoton farko, na ga wani abu kamar hayaƙi fari a inda babu komai a da, hawaye na yi.

Da hannuna nake juya notin da ke jan guntun, da sifana mai lamba 10, irin wadda nake riƙewa kullum a wurin aiki. Kwata ɗin zagaye, sau huɗu a rana. Na ɗaura shi a kan asuba, azahar, magariba, da lokacin kwanciya, ina rubutawa a littafi. In ka yi gaggawa ƙashin ba zai tsiro ba, in ka yi sakaci ya daskare kafin ya isa. Kwana 80 na yi ina ja. Abin da ba a cika gaya wa mutane ba shi ne, jiran sabon ƙashin ya yi ƙwari ya fi jan daɗewa, yakan kai ninki biyu. Inda guntun ya je ya haɗu da na ƙasa ma sai da aka ƙara mini ƙashin ƙugu kafin ya kama.

Akwai dabara ta uku, wato ɗauko siririn ƙashin gefen ƙwauri tare da jijiyar jininsa a dasa a gurbin, wadda Ian Taylor ya fara a Ostareliya a 1975, amma tana buƙatar ƙwararrun da ke ɗinke jijiya da madubin ƙara girma.

A ganina, Hajiya, tambayar ba wacce ta fi ba ce, wacce ɗanki zai iya ɗauka ce, kuma wacce likitansa ya fi sabawa da ita. Ki tambaye shi kai tsaye sau nawa ya yi kowacce. Zobba na son mai haƙuri da tsabta. Bakin wayoyin nan kullum sai an goge, in ya yi ja ko ya fara ruwa a koma asibiti ranar. Gashin ƙashi kuma ba a wasa da shi, don in aka bar idon sawu sai agara ta ƙanƙance, ƙashi ya warke amma diddige ya ƙi taɓa ƙasa. In yana shan sigari ya bari yau, tana hana ƙashi kamawa. A ba shi ƙwai da wake da kifi da wagashi, wato cuku.

Ki kuma tambayi kuɗin ƙarafa tun yanzu, a rubuta miki, kada ki dogara da katin inshorar lafiya na NHIS kaɗai. Ni 'yan'uwa a masallacinmu da abokan aiki ne suka haɗa mini.

Idan har wata rana likitoci suka ce ruɓa ta fi ƙarfinsu, yankewa ce za ta ceci ransa, a saurare su, akwai cibiyar ƙafar roba a Nsawam da ta daɗe tana wannan aiki. Amma yadda kika kwatanta, yana motsa yatsu yana jin taɓi, alama ce mai kyau.

Ina unguwar Aboabo a Kumasi. In kin yarda, ranar Juma'a bayan masallaci zan zo gadonsa in naɗe wando ya ga ƙafata, in kawo masa littafin da na riƙa rubuta juyin notin.