Manhajar awo ta nuna kore, amma murfin famfo ya ƙi zama

Tambaya

Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara sani. Ina aiki a wani wurin sassaƙa ƙarfe a nan Damagaram, ni ke riƙe da injin awo mai gada, irin mai taɓa kaya da tsinke mai ƙwallo a baki yana auna su, wanda maigida ya sayo na hannu. An ba mu aikin murfin famfo na alminiyam, mai ramin tsakiya na milimita 50 a ajin sassauci H7 da ramukan noti huɗu. Murfi guda sai in auna shi da safe ya fito kore, in sake aunawa bayan azahar ya fito ja. Maigida ya ce manhajar ce ta lalace, ya kira wani mai gyara. Mutumin ya goge manhajar ya sake ɗora ta, ya mayar da mazaunin awon, wato inda injin ke ƙirga nisa daga gare shi, kan wani tsari da ake kira bes-fit, ya taɓa kaurin ƙwallon tsinken, komai ya koma kore. Mun kai kaya, masu aikin sun maido su, sun ce notin ba su shiga ba. Sunana ne a ƙasan takardar awon, hankalina a tashe yake. Me zan yi?

Ma'aikaci daga Sabon Gari, Damagaram

Amsa

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kafin komai, kada ka sake sa hannu a wata takardar awo da ta fito daga wannan injin sai an warware abin da aka yi masa. Ko maigida ya matsa, ka ba shi haƙuri cikin ladabi, ka ce awon bai tabbata ba.

Bambancin safe da azahar ba ciwon manhaja ba ne, zafi ne. Duk tsawon da ke kan zane tsawo ne a maki 20 na ma'aunin Salsiyas, haka aka yarda tun 1931, kuma shi ne abin da ƙa'idar duniya ta ISO 1 ta ƙunsa. Alminiyam yana miƙewa kusan mikron 23 (mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) a kowace mita idan zafi ya ƙaru da maki ɗaya, ƙarfen sitil kuwa kusan 11.5. Ɗauki murfinka da aka sauko da shi daga kan injin sassaƙa a tsakiyar bazara, jikinsa na maki 38. Ramin milimita 50 ya buɗe da kusan mikron 21, alhali duk sassaucin H7, wato kuskuren da aka yarda da shi, a wannan girma mikron 25 ne, daga sifili zuwa sama. Tsakanin ramuka biyu masu nisan milimita 300 kuwa ƙarin ya haura mikron 120. To ina laifin kwamfuta a nan? Kaya su kwana a ɗakin awo, a kan dutsen injin, wato teburin da ake ɗora kaya, ko kusa da shi, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki ba yankewa. Idan wuta ta ɗauke ɗakin ya ɗau zafi, lissafin jira ya koma farko. Manhajar tana iya rage wannan kuskure idan akwai ma'aunin zafi manne a jikin kayan, amma sai ka duba lambar miƙewar da aka shigar mata, don sau da yawa ta sitil ake bari ana auna alminiyam. Ka kuma sani cewa ma'aunin, zafin fatar ƙarfen kaɗai yake ji, manhajar kuwa ɗauka take yi ciki da waje zafinsu ɗaya.

Wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne aikin mai gyaran, domin cuta ce da nake gamuwa da ita kullum, daga ƙananan wurare har manya: tunanin cewa jan rubutu a rahoto matsala ce da ake gyarawa a cikin kwamfuta, kuma bes-fit magani ne. Kore ba ya nufin kaya sun yi kyau. Abin da yake nufi kawai shi ne lambar da aka lissafa ta faɗa cikin iyakar da wani ya shigar, bisa mazaunin da wani ya zaɓa. Duk wanda ya canza mazaunin ya canza tambayar da ake yi wa injin, kuma injin zai amsa sabuwar tambayar da gaskiyarsa.

Duba zanenka. Na tabbata akwai madogara A a kan fuskar da murfin ke kwanciya, da B a ramin tsakiya, wataƙila da C a wani rami ko gefe. Mai zanen bai sa haruffan nan don ado ba. Yana gaya maka yadda murfin zai zauna a jikin famfo ne: fuska ta fara kwanciya, ramin tsakiya ya kama, sannan noti su nemi ramukansu. Wannan jeri shi ISO 5459 ta tsara, kuma shi manhajar ya kamata ta bi, ko PC-DMIS ce, ko Calypso, ko MCOSMOS. Shi kuwa bes-fit ba ruwansa da A ko B. Yana ɗaukar duk wuraren da ka taɓa, ya yi ta zamar da su yana juyawa har sai jimillar kuskurensu ta ragu iyakar raguwa. Wato yana raba laifin rami ɗaya ga sauran.

Ga lissafin a fili. A ce sassaucin matsayin kowane rami da'ira ce mai faɗin milimita 0.2, wato rami na iya gocewa 0.1 daga inda ya kamata. Ramuka uku suna daidai, na huɗu ya goce 0.12, ja ke nan. Bes-fit zai zamar da mazaunin da 0.03, sai mai laifin ya koma 0.09, sauran ukun kowanne ya ɗauki 0.03. Duka huɗun sun zama kore, ƙarfen kuwa ko ƙwarzane ba a yi masa ba. Wanda ya fi wannan muni, kuma shi nake zargi a aikinku, shi ne a ce ramukan huɗu gaba ɗaya sun goce tare da 0.3 daga ramin tsakiya saboda an kafa sifili a karkace a kan injin sassaƙa. Idan aka yi bes-fit a kan ramukan kansu, gocewar nan duka za ta shige cikin mazauni ta ɓace, rahoto ya nuna kusan sifili. Sai ranar ɗaurawa, ramin tsakiya ya kama wurinsa, noti su tsaya suna kallon ƙarfe.

Kada ka fahimce ni a kan cewa bes-fit haramun ne. Yana da wurinsa. Idan zane ya nemi siffar wani lanƙwasasshen jiki ba tare da madogara ba, da shi ake aiki. Idan kana son sanin ko ramukan huɗu sun yi daidai a tsakaninsu, don ka gane ko laifin na kafa sifili ne ko na injin sassaƙa, yana da amfani ƙwarai, ni ma da shi nake bincike. Amma wannan bincike ne na cikin gida. Takardar da za ta bi kaya zuwa wurin mai su, zane ne ke mulkinta.

Sai kuma taɓa kaurin ƙwallon tsinke da hannu, wanda ba ni da wani suna da zan ba shi face maguɗi. Injin ba ya ganin fatar kayan, tsakiyar ƙwallon yake bi, sannan manhaja ta ƙara ko ta rage kaurinsa. Idan aka ƙara mikron 10 a kaurin, kowane rami zai buɗe da 10, kowane sanda ya tsuke da 10, nisan tsakiya zuwa tsakiya kuwa ba zai motsa ba. Da wannan alama ake kama mai yin haka. Kaurin da manhaja ke aiki da shi daga gwaji a kan ƙwallon tantancewa, wato ƙwallo mai sanannen kauri, yake fitowa, kuma ba ya cika yin daidai da abin da aka rubuta a kwali, saboda tsinken yana ɗan lanƙwasa kafin ya ba da sanarwar taɓi. Wannan bambanci ba kuskure ba ne da za a "gyara". Wanda ya goge shi ya rubuta lambar da yake so, daidai yake da mai hatsi a kasuwar Dole da ya bubbuga gindin tiyarsa ta shige ciki, ya cika ta har tana zuba, mai saye na godiya. Mun san abin da addini ya ce a kan masu tauye awo, kuma ban ga inda aka ware mai tauyewa da kwamfuta ba. Murfin famfo ma da sauƙi. Tun da matatar mai ta fara aiki a 2011, ƙarafan da ke ɗaukar matsi da zafi sun yawaita a yankin nan, kuma irin wannan hannu idan ya saba, wata rana a kan abin da ran mutum ya rataya a kai zai yi shi.

Abin takaici, masu wannan aiki suna da kasuwa, domin suna ba maigida abin da yake son gani cikin awa guda, su karɓi jikkunansu su tafi, sunansu ba ya kan kowace takarda. Haka masu zuwa su manna wa inji takardar shaida ba su auna komai ba. Gwajin gaskiya na ISO 10360-2 tsawo biyar ne, kowanne sau uku, a wurare bakwai cikin injin, awo 105 ke nan. Duk wanda ya ce ya tantance muku inji, ku ce ya nuna lambobin nan da shaidar sandunan da ya yi aiki da su. In babu, takardar ado ce ya sayar muku.

Sake ɗora manhajar da ya yi ma akwai abin tsoro a ciki. Inji mai gada yana da kurakuran ƙira guda 21, na miƙewa da juyawa a kowane layi uku da kuma karkatar da ke tsakaninsu, kuma akwai fayil da ke ɗauke da taswirar gyaransu, na wannan injin shi kaɗai. A wasu injuna yana cikin akwatin sarrafawa, a wasu yana kan kwamfutar. Idan naku a kwamfuta yake kuma ya tafi da gogewar, injin zai ci gaba da motsi lafiya yana ba da lambobi masu kyan gani, amma awon gefe ɗaya na dutsen ba zai yi daidai da na ɗaya gefen ba. Ka nemi tsohon faifan ko ajiyar da aka yi kafin gogewa, ka duba lambar injin ta dace da ta fayil ɗin. In ba a samu ba, sai wakilin kamfanin da ya ƙera shi. Ka kuma leƙa saitin Windows, domin kwamfutocinmu na Faransanci waƙafi suke sa wa a lamba maimakon ɗigo, kuma wasu manhajoji suna rikicewa da haka idan suna karanta fayil.

Yanzu ga aikin gobe da safe. Goge dutsen da hanyoyin da gadar ke bi, domin ƙurar hunturu da ta bazara ba ta barin kowa a garin nan. Zubar da ruwan da ya taru a matatar iskar kwampiresa, ka tabbata matsin ya kai abin da littafin injin ya ce. Goge ƙwallon tsinke da na tantancewa da alkol da ƙyalle marar gashi, ka ɗaure tsinken da ɗan makullinsa. Ka duba shi da madubin ƙara girma, saboda ƙwallon yakutu idan ana jan sa a kan alminiyam yakan ɗebo ƙarfen ya manne masa, shi ya sa ake son na silikon naitirayid a irin wannan aiki. Kaurin ƙwallon tantancewa ka ɗauko shi daga takardar shaidarsa, kada ka yarda da lambar da ka tarar a manhaja bayan an sake ɗora ta. Sannan ka tantance tsinken a kowace kusurwa da shirin awon ke amfani da ita. Idan kuskuren siffar da ya fito ya wuce ƴan mikron kaɗan, tsaya nan, akwai datti ko sako-sako.

Bayan haka kada ka taɓa murfin tukuna. Auna zoben gwaji mai shaida da tubalin awo, wato ƙarafa masu sanannen girma, a tsakiyar dutse da kusurwoyinsa, a miƙe da kuma a karkace. Zobe ya fito babba, tubali ya fito ƙarami da adadi ɗaya, laifin tsinke ne. Kuskure yana ƙaruwa da tsawo, zafi ne ko ma'aunin layin. Kuskure yana canzawa da wuri ko da karkata, taswirar nan ce. Sai waɗannan sun fito daidai za ka dawo da mazaunin A, B, C yadda zane ya jera su, ka kuma tabbata zanen takarda da na kwamfuta bugu ɗaya ne.

A ramin tsakiya kada ka yi rowar taɓi. Taɓi uku kullum da'ira cikakkiya suke bayarwa, ko ramin ya lotse. Murfin da aka matse a bakin injin sassaƙa mai haƙora uku kuwa yakan fito da kumburi uku idan aka sake shi, kuma awon da ke taɓa wuri biyu kawai ba ya ganin wannan. Yi taɓi bakwai ko fiye, ka dubi da'ira mafi girma da za ta shiga cikin ramin, domin ita ce abin da zai shiga ramin yake ji, matsakaiciyar da'irar da manhaja ke bayarwa da kanta ba ta isa ba. Lambar da ta faɗo daf da bakin iyaka kuma, bisa ISO 14253-1, mai kawo kaya shi ke ɗaukar nauyin shakkar awonsa, don haka kada ka kira 50.024 lafiyayye da injin da shakkarsa ta kai mikron uku ko huɗu.

Game da maigida, kada ka je masa da gardama. Ka auna ɗaya daga murafan da aka maido sau biyu a gabansa, da bes-fit da kuma madogaran zane, ka buga takardun biyu ka ajiye masa. Idan gocewar ramukan ta fito iri ɗaya a duk murafan, labari ne mai daɗi, domin gyaran sifili ɗaya ne a kan injin sassaƙa. Ka turo mini lambobin zoben da na tubalin, da zafin ɗakin a lokacin da ka auna, da hoton kusurwar zanen da madogaran suke, in duba maka kafin ku sake yanka wani ƙarfe.