Me Ya Sa Aka Daina Tseren Targa Florio?

Tambaya: Malam, na ji labarin wani tsohon tseren motoci a Italiya da ake kewaya duwatsu a kan titin da jama'a ke bi, har ta cikin ƙauyuka. Yaya tsarinsa yake, kuma me ya hana a ci gaba da shi?

Amsa: Tseren da kake nufi shi ne Targa Florio, wanda wani attajiri ɗan birnin Palermo mai suna Vincenzo Florio ya kafa a tsibirin Sisili a shekarar 1906. A karon farko an kewaya duwatsun Madonie sau uku, kowane zagaye kilomita 148, kuma Alessandro Cagno ne ya zo na ɗaya da mota ƙirar Itala bayan ya shafe fiye da awa tara yana tuƙi. Daga baya an rage tsawon hanyar zuwa kilomita 108, sannan zuwa 72, kuma wannan ta ƙarshen ita ce aka fi sani.

Ana tashi ne daga kusa da garin Cerda, a haura ta wajen Caltavuturo, a ratsa tsakiyar Collesano da Campofelice, sannan a sauko bakin teku inda hanya ta miƙe na kimanin kilomita shida. Wannan ne kaɗai wurin da direba ke samun sararin sake wa mota giya. Sauran duk kwana ce bayan kwana, ɗaruruwa, ga katangun gidaje a gefe, ga 'yan kallo tsaye a bakin kwalta. Saboda ƙuncin hanyar, ɗaya bayan ɗaya ake sallamar motocin, kowa yana tsere da agogo. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda direbobi ke koyon hanyar kafin ranar gasa, alhali motocin haya da amalanke da dabbobi suna kai da kawowa a kanta.

A irin wannan hanya, ƙaramar mota marar nauyi ta fi mai ƙaton inji amfani. Shi ya sa Bugatti ta yi nasara sau biyar a jere daga 1925 zuwa 1929, kuma Porsche ta zarce kowa da nasara 11. Sanin hanya ma jari ne: Nino Vaccarella, malamin makaranta ɗan Palermo, ya lashe gasar a 1965 da 1971 da 1975, har mutanen yankin suna rubuta sunansa a bango.

Game da dainawa kuwa, motocin ne suka fi ƙarfin hanyar. Cagno ya yi tafiyarsa a kan matsakaicin gudun da bai kai kilomita 50 a awa ba, amma a 1970 Leo Kinnunen ya kammala zagaye guda da Porsche 908/3 cikin minti 33 da daƙiƙa 36, wato sama da kilomita 128 a awa, a kan titin da bai ƙara faɗi ba. Babu yadda za a yi a shinge kilomita 72, ko a wadata su da jami'an tsaro da motocin asibiti, ko a hana mutum tsayawa a ƙofar gidansa. Tun bayan hatsarin tseren motoci na Le Mans a Faransa a 1955, wanda ya hallaka mutum sama da 80, da kuma soke Mille Miglia, wani tseren kan titin jama'a a Italiya, a 1957, hukumomi suka fara ƙyamar irin wannan gasa, kuma a ganina tsananin son da mutanen Sisili ke yi mata ne ya sa ta ƙara shekaru ashirin.

Bayan gasar 1973 aka cire ta daga jerin gasannin kambun duniya, ta koma ta cikin gida. A 1977 wata mota ta ƙwace ta afka cikin 'yan kallo, mutum biyu suka mutu, aka tsayar da tseren kafin a kammala. Daga 1978 sai aka mayar da sunan kan gasar rali, inda ake rufe gajerun sassan hanya na ɗan lokaci, kuma a haka ake gudanar da ita har yanzu.